Injin Hannu Ko Injin Kwamfuta: Ina Ya Kamata Mai Son Koyon Sassaƙa Ƙarfe Ya Fara?

Matashin da ya ƙudura cewa da sassaƙa ƙarfe zai ci abinci, ƙofa biyu ce a gabansa. Ko dai ya je ya tsaya bayan wani dattijo mai tsohon injin les, mai juya ƙarfe a bakin wuƙa, da injin milin, mai juya wuƙa a kan ƙarfe, irin waɗanda ake murzawa da hannu ana kallon wuƙa tana cin ƙarfe, ko kuma ya shiga makarantar koyon sana'a ko masana'anta inda injin CNC ke aiki a rufe cikin akwatinsa, kwamfuta na ba shi umarni. Yawancin masu ba da shawara suna kallon abin a matsayin jiya da yau, sai su ce wa yaro ya bi zamani. Ni kuwa ina ganin kafin a zo maganar zamani, a fara duba abin da ake kawo wa kowannensu da safe. Mai CNC takarda ake kawo masa, zane mai ɗauke da awo da sunan ƙarfen da za a yi aiki da shi da adadin da ake so, ɗari biyar ko dubu goma. Dattijon nan kuwa mushen ƙarfe ake dire masa a kan tebur, karyayye ko cinyayye, babu zane, kamfanin da ya ƙera shi ma wataƙila ya daɗe da rufewa, mai kayan kuma yana tsaye yana tambaya ko zai samu yau.

Ɗauki shaf ɗin famfon ruwa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, da mazaunin boris ɗinsa ya cinye. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, kuma don ya zauna daram, mazaunin ya kamata ya ɗara 25 da ɗan kaɗan, tsakanin 25.002 da 25.015. Kaurin silin gashin mutum kusan 0.07 ne, ka ga ke nan duk filin da aka ba ka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na silin gashi ba. Tsohon gwani zai sa maikuromita, wato ma'aunin kauri mai tsananin daidaito, ya ga 24.90, ya goga farce ya ji kwarin da boris ya haƙa. Ba zai kunna inji ba sai ya san wane irin ƙarfe ne a hannunsa. Zai ja magagari a gefe: in ya kama, ƙarfen mai taushi ne, in ya zame bai ci komai ba, to an ba ƙarfen ruwa. Zai ɗan taɓa ƙarshensa a dutsen wasa ya kalli tartsatsi: dogo mai miƙewa babu reshe sosai yana nufin kabon kaɗan ne a ciki, wanda ke fashewa yana rassa kuwa kabon ya yi yawa. Daga nan ne zai zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ya cike wurin da walda ya sake sassaƙewa, wanda ya fi sauri amma zafi na iya lanƙwasa shaf ɗin, kuma a ƙarfe mai kabon da yawa yana iya barin tsagar da ba za a gani ba sai ranar da ya ɓalle. Ko ya rage wurin ya ƙera bushi, wato zoben ƙarfe, ya dasa a kai. Ko ya faɗa wa mai kayan gaskiya, wannan ya gama yawo, a sassaƙa sabo.

In an zo yankan ƙarshe sai ka ga ya kashe inji ya koma gefe yana wasa wata wuƙar, ɗan koyo ya zaci gajiya ce. Jira yake ƙarfen ya huce. Duk mita ɗaya na ƙarfe yana buɗewa da kusan 0.012 na milimita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka shaf mai kaurin 25 da ya ɗumama da digiri 30 zai nuna ƙarin kusan 0.009 a ma'auni. Wanda ya auna da zafi ya ce ya yi daidai, in ya huce zai tarar boris yana zamewa. Saboda irin wannan ne tun 1931 aka tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake awo a kansa a duniya. Buɗewar nan kuma ita ce dai dattijon zai yi amfani da ita wajen sa boris: ya ɗumama shi zuwa kusan digiri 110, ya zura ya shige, guduma ba ta taɓa shi ba.

Injin CNC zai iya yin wannan shaf, har ya fi na hannu kyau. Sai dai kafin ya yi yankan farko, dole wani ya auna tsohon, ya zana, ya rubuta umarni, ya ɗaura wuƙaƙe, ya auna tsawon kowace, ya gwada umarnin a iska don kada wuƙa ta yi karo. Sa'o'in nan in an raba su a kan guda dubu ba a jin nauyinsu, in guda ɗaya ne kuwa shi kaɗai zai ɗauke su. Shi ya sa wuraren CNC da yawa ba sa son aikin gyara, wasu kuma suke ajiye les ɗin hannu a lungu saboda ranar da nasu injin zai buƙaci wani ɗan bushi. Kuma auna tsohon ƙarfen ma ba ƙaramin aiki ba ne, domin cinyayyen ƙarfe ƙarya yake yi. Awon da yake nunawa yau ba shi ne awon da aka ƙera shi da shi ba, sai ka yi lissafi ka koma baya.

Wannan komawa bayan ita ce rabin sana'ar tsofaffi. Aka kawo giya wadda haƙoranta suka zube, sai ya ƙirga gurbinsu ya samu 28, ya auna faɗinta daga waje ya samu milimita 60, ya raba 60 da 30, wato adadin haƙora a ƙara biyu, ya san girman haƙorin lamba 2 ne kuma ya san wuƙar da zai ɗauko. Noti ma haka. Tiredin da Joseph Whitworth ya tsara a Ingila a 1841 kusurwarsa digiri 55 ce, na tsarin awon milimita da na Amurka kuwa 60. Kusar rabin inci ta Whitworth zagaye 12 gare ta a inci ɗaya, ta Amurka 13. Kusar Amurka mai kaurin uku bisa takwas na inci za ta shiga notin M10, wato na milimita 10, zagaye biyu ko uku lafiya lau sannan ta cije, mai gaggawa ya sa sifana ya kashe tiredin gaba ɗaya. Injinan da ke aiki a duniya yau haɗin gambiza ne na ƙasashe da zamunna daban-daban, kuma wanda ya shekara talatin yana buɗe su ya san su da yatsa.

To amma kada soyayyar tsofaffi ta rufe mana ido. CNC ba don ƙyuya aka ƙirƙiro shi ba. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons, wanda kamfaninsa ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan ta Amurka, ya ga cewa lanƙwasar da ake buƙata ta fi ƙarfin a bi ta da hannu, sai ya fara lissafa wuraren yanka da na'ura. Rundunar sojin saman Amurka ta sa kuɗi, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin milin da ke karanta umarni daga tef mai huji. Daga baya kamfanoni irin su Fanuc na Japan, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 1972, da Siemens na Jamus suka mayar da abin ruwan dare. Yau fiffiken injin jirgin sama, da ƙarfen da ake dasa wa mutum a gwiwa, da mazubin da ake zuba roba a ciki, babu hannun da zai yi su a kan lokaci, kuma babu hannun da zai yi guda dubu iri ɗaya sak. Duk wanda ke son aikin albashi a babbar masana'anta, ga horo a tsare, ga takardar shaida, ga matakan ƙarin girma, nan ne ƙofarsa.

Abin da ba a cika faɗa wa masu shiga ba shi ne, aikin CNC hawa uku ne. Akwai mai tsaron inji, wanda ke sa ɗanyen ƙarfe, ya rufe ƙofa, ya danna koren maɓalli, ya cire, ya auna. Akwai mai shirya inji, wanda ke ɗaura wuƙaƙe da maƙalai ya daidaita awo. Sai mai rubuta umarni, wanda ke zama gaban kwamfuta ya yanke shawarar ta ina wuƙa za ta shiga, da wane gudu, da wane zurfi. Hawan farko ana koyonsa cikin 'yan makonni, kuma mutum na iya shekara biyar a kansa bai ƙaru da komai ba, ga shi kuma shi ne hawan da hannun mutum-mutumi ya fi saurin ƙwacewa. Masu hawa na biyu da na uku su ne ake nema ruwa a jallo, kuma abin da suke buƙata shi ne sanin halin ƙarfe a bakin wuƙa.

A nan ne nake ba injin hannu rinjaye. Idan kana murza shi, nauyin yankan yana zuwa tafin hannunka. Wuƙa ta dakushe za ka ji ta yi tauri kafin ka gani. Doguwar sanda siririya ta fara karkarwa za ka ji kukanta ya sauya, ka rage gudu ko ka sa mata matokari. Ɓawon ƙarfe yana fita fari, ya koma ruwan ƙasa, ya koma shuɗi, kowane launi yana gaya maka zafin da ke bakin wuƙa. Za ka haddace cewa ƙarfe mai taushi da wuƙar HSS, wato ta ƙarfen yanka mai jure zafi, irin wadda Frederick Taylor da Maunsel White suka ba mutane mamaki da ita a baje kolin Faris na 1900, gudun yankansa kusan mita 30 ne a minti, wato sanda mai kaurin milimita 50 ta juya kusan sau 190. Za ka wasa wuƙarka da kanka a dutse, ka ga yadda karkata bakinta da digiri biyu ko uku ke sauya yadda take ci. Mai CNC yana aiki da ƙananan bakunan kabaid da ake saye a kwali, in ɗaya ya mutu a juya ɗaya gefen, ana yanka a bayan gilashi ruwan sanyaya wuƙa na feshi ya rufe komai. Lambobin suna cikin littafin kamfani, amma ranar da lambobin suka ƙi aiki, wanda ya taɓa jin abin a hannunsa shi ne zai gane dalili. Jamusawa, waɗanda babu mai cewa sun tsaya a jiya, horon masassaƙin ƙarfe a wurinsu shekara uku da rabi ne tsakanin kamfani da makaranta, kuma a wurare da yawa har yau da magagari ake farawa, ɗan koyo ya yi ta goga ƙarfe har ya miƙe ya yi kusurwa daidai.

Tafiyar kuma ta fi sauƙi ta fuska ɗaya. Wanda hannunsa ya faɗa a les, in ya iya lissafi kuma ba ya tsoron kwamfuta, zai kama G-code, wato harshen da ake rubuta wa CNC umarni da shi, da manhajar zane cikin watanni, har a gida ana iya fara gwada su. Wanda ya taso a CNC kuwa, in ya nemi komawa hannu, sai ya sami inji da malami da lokacin da zai ɓata ƙarfe, kuma malaman ne ke ƙarewa.

Ƙarewar ba magana ce ta baki kawai ba. Akwai ayyukan da masu yin su suka yi ƙaranci ƙwarai. Kankare shimfiɗar inji, wato doron da sassansa ke zamewa a kai, da hannu na ɗaya daga ciki: a shafa shuɗin fenti a kan faranti mai daidaito, a goga, duk inda ya taɓa a kankare da ɗan ƙarfe mai kaifi, a sake, har ɗigon shuɗin ya bazu ko'ina. Whitworth ne ya yaɗa dabarar goga faranti uku da juna har kowanne ya miƙe, kuma abin mamaki, kamfanoni irin su Mitsui Seiki na Japan har yanzu da hannu suke kankare shimfiɗar injinan CNC ɗinsu masu tsada. Akwai zuba boris na farin ƙarfe mai taushi, wanda Isaac Babbitt ya yi wa rajista a 1839 kuma har yau manyan injinan tashar wutar lantarki ke juyawa a kansa. Akwai ɗinke tsagaggen ƙarfen zubi a sanyi, a huda ramuka a bin tsagar a dasa kusoshi masu cin juna, saboda walda kan ƙara tsaga shi. Zane ba ya riƙe irin wannan ilimin. Lokacin da injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka kwance injin roka na F-1, wanda ya ɗaga rokar Saturn V da ta kai mutane wata, har suka kunna wani sashensa a 2013, zane-zanen suna nan a ajiye. Abin da ya ɓace shi ne dabarun masu walda da masu haɗawa na shekarun 1960, waɗanda suka gyara abubuwa da hannu a kan kowane inji ba tare da an rubuta duka ba.

Sai dai ba kowane mai furfura ne gwani ba, kuma ba kowane gwani ne malami ba. Akwai wanda zai sa ka shara da wankin inji shekara biyu, in zai yi wani aiki mai daɗi ya aike ka. Akwai wanda ke ɓoye abin da ya sani don tsoron ka buɗe naka kusa da shi. Akwai wanda ba ya karanta zane, ya raina ma'auni, ya ce ido ba mudu ba amma ya san kima, alhali a wannan sana'ar kimar ido ba ta ganin 0.01. Injinsa ma wataƙila shimfiɗarsa ta cinye kusa da kan injin, yana sassaƙa abu ya fito da tsini, shi ya san yadda yake lallaɓa shi, kai kuma ka koyi lallaɓa a maimakon daidai. Mafi muni shi ne sakaci da rai. Les ɗin hannu ba shi da ƙofa, ba ya tsayawa don ya kama mutum. Safar hannu, dogon hannun riga, zobe, tsumma a nannaɗe a yatsa, mabuɗin da aka manta a kan injin, jan dogon ɓawon ƙarfe da yatsu, kowanne ya taɓa raba wani da hannunsa ko da ransa. Ta wannan fuskar CNC ya fi aminci nesa ba kusa ba, don a yawancinsu in ƙofa na buɗe inji ba zai yi gudu ba. In ka ga ubangida ba ya sa tabarau kuma yana yi wa mai sawa dariya, ka nemi wani.

Batun tsayawa da ƙafarka ma yana cikin lissafi. Tsohon les mai lafiya, da injin huda, da dutsen wasa, da injin walda, sun isa mutum ya fara karɓar aiki, kuma in wani abu ya lalace a jikinsu sau da yawa da su ɗin za a ƙera madadinsa. Injin CNC jarinsa ya ninka haka sau da yawa, yana son wuta mai tsayuwa da busasshiyar iska mai matsi da manhaja, in allon lantarkinsa ya ƙone kuma sai jiran kamfani. Ba ya biyan kuɗinsa sai yana juyawa kullum, wato sai kana da masu ba ka oda a kai a kai.

Kasuwar gyara ita ma a dube ta da idon basira. Ƙananan kayan gida sun fita daga hannun masassaƙi, don an ƙera su da roba da gam, sabo kuma ya fi gyara araha. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2021, wadda ta tilasta wa masu ƙera firji da injin wanki su tanadi kayan gyara na shekara 7 zuwa 10, mai cirewa ya sa sabo ta taimaka, ba masassaƙi ba. Abincin masassaƙin gyara yana inda inji ke da nauyi kuma tsayawarsa ke da tsada: jiragen ruwa, ma'adanai, masana'antar siminti da ta sukari, manyan motocin gona da na gini, tashoshin ruwa da na wuta. Inda shaf ɗaya ya tsayar da ma'aikata ɗari, kuma sabo sai an jira makonni kafin ya iso, ba a ciniki sosai da wanda zai tayar da shi kafin gobe.

Don haka in shekarunka da aljihunka za su ɗauka, kuma ka sami malamin gaske, ka ba injin hannu shekara ɗaya zuwa biyu, kana karatun zane da lissafin kusurwa a gefe, sannan ka ƙetara CNC. In kuwa kana da iyalin da ke jiran albashi yanzu, ko babu dattijon kirki a kusa, ko abin da ke ranka shi ne kayan jirgin sama da na asibiti, ka shiga CNC kai tsaye ba tare da jin ka yi asara ba, amma ka ƙi zama a hawan farko, kuma duk lokacin da aka buɗe les ɗin lungun nan ka kasance kai ne a tsaye kusa.

Gane malamin gaske ba ya buƙatar dogon bincike. Ka duba maikuromitansa, a cikin akwati yake a goge ko yana yashe cikin ɓawon ƙarfe tare da guduma. Ka duba ko wasu masu gyara suna kawo masa abin da ya gagare su. Ka tambayi inda yaransa na baya suke, sun buɗe nasu ko sun bar sana'ar. Ka ce masa: "Baba, me ya sa aka rage gudu a nan?" ka ga zai yi bayani ne ko zai ce kai dai ka kalla. Kuma tun ranar farko, a gaban wanda ya kai ka, a yi magana a fili kan watan da za ka fara riƙe inji da kanka. Makarantar CNC ma tambayarta ɗaya ce da wannan: ɗalibi nawa ne a kan inji ɗaya, sa'a nawa kowanne ke samu yana yanka ƙarfe na gaske ba hoto a allo ba, kuma ana barin ɗalibi ya ɗaura wuƙa ya daidaita awo da kansa ko malami ne ke yi su suna kallo.